Rumfar Haya a Kasuwar Waya

Nasiru Mai Kwamfuta, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, tun da aka ɗora mini buɗe musayar wannan mako, na zaɓi abin da na fi sani, wato shafukan sada zumunta, domin na shiga harkar intanet tun ana biyan kuɗin awa a shagon kafe, mutum ya zauna jiran shafi ɗaya ya buɗe har shayinsa ya huce. Babban amsa-amonmu shi ne "ya", kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe shi a ƙarshen kowane baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da basira da ganewa,
Shi ne Sarkin da ba ya gushewa,
Sauran duk baƙi ne a duniya.

Na riski zamanin masu lema,
Kiran minti guda sai an yi fama,
Mutum ya ɗaga hannunsa sama,
Yana farautar sabis da waya.

Sai 2go ta sauka a gari,
Ta kwashe 'yan mata har samari,
Ana ta tara tauraro da buri,
Yau wa ke tuna ta ko a tatsuniya?

Masu BlackBerry sun ci zamani,
Mai fin ɗin BBM shi ne gwani,
Yau an rufe ta, babu mai gani,
Ta bi sahun kasuwar da ta ci jiya.

Facebook ta taso ɗakin ɗalibi,
Yau ta zamo wa jama'a madubi,
Ta sayi WhatsApp, ta biya hisabi,
Ta haɗa da Instagram a hannu ɗaya.

Ina son su, ba zan ɓoye ba,
Da su na san abin da ban sani ba,
Amma rumfar ba tamu ce ba,
Mu duka 'yan kasuwa ne a haya.

Ga waɗanda ba su bibiyi labarin ba, Mark Zuckerberg ya buɗe Facebook a 2004 yana ɗalibi a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya sayi Instagram a 2012 a kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, sannan a 2021 ya raɗa wa kamfanin suna Meta. Ranar 4 ga Oktoba na 2021 ɗin dukkan ukun suka ɗauke a lokaci ɗaya na kimanin awa 6, kuma a daren nan ne da yawa daga cikinmu suka gane cewa rumfuna ukun da muke yawo a tsakaninsu makullinsu yana aljihun mutum ɗaya.

Malam Isiyaku, tsohon hedimasta, Daura

Wa alaikumus salam. Ɗana Nasiru, Allah ya yi maka albarka, ka buɗe da kyau. Sai dai ka ambaci haya ka wuce ba ka faɗi kuɗinta ba, ni kuwa ban taɓa ganin mai rumfar da ke ba da ita don Allah da Annabi ba.

Ɗana Nasiru, na ji batunka,
Na kuma yaba da tsarin baitinka,
Sai dai ina da tambaya gare ka:
Da wane kuɗi kake biyan haya?

Ba a karɓi kwabo wurinka ba,
Ba a ba ka rasit ka adana ba,
Ɗan kasuwa bai san kyauta ba,
To me ya gani a jikinka ya saya?

Idonka ne hajar da ya kasa,
Masu talla suke biya masa,
Kai kana tsammanin kana wasa,
Ashe kai ne buhun da ke cikin kaya.

Mu a Daura muna da Kusugu,
Labarinta ya kai kowane lungu,
Jama'a sukan taru gungu-gungu,
Sai Juma'a maciji ke barin rijiya.

Haka ranar da gwamnati ta yi fushi,
An goge saƙon Shugaba, an taɓa shi,
Wata bakwai an hana tsuntsu numfashi,
Mai guga ya koma gida da igiya.

Ina nufin rufe Twitter da aka yi a Najeriya daga farkon watan Yuni na 2021 zuwa 13 ga Janairu na 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan namu, Allah ya jiƙansa. Ba shari'a nake yi tsakanin gwamnati da kamfani ba, domin kowannensu yana da lauyoyinsa. Abin da ya dame ni shi ne mai guga, wanda babu wanda ya shawarce shi ranar rufewa ko ranar buɗewa. Da aka buɗe ɗin ma bai daɗe yana murna ba, sai Elon Musk ya saye kamfanin a 2022 a kan dala biliyan 44, ya sauya masa suna zuwa X a 2023, ya cire tsuntsun da ke tambarinsa gaba ɗaya.

Hajiya Binta, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Baba Malam, ina gaisuwa, kuma a yi mini afuwa da tsoma baki a maganar manya. Ni mai zaman ɗaki ce, kuma abin da na gani daga cikin ɗaki ya ɗan bambanta da abin da ake hangowa daga zaure.

Baba Malam, ka yi mini gafara,
Ni haya ba ta zame mini asara,
Daga ɗakina na samo dabara,
Ban taka ƙofar gida ba, ga moriya.

Da can sai yarinya ta ɗau talla,
Ta wuni a rana har bayan salla,
Yau hoto nake sawa a kalla,
Ɗiyata kuwa tana Islamiyya.

Turaren wuta, humra da atamfa,
Status ɗina shi ne tawa rumfa,
Har Maraɗi ciniki ya kafa,
Direba ya kai, a turo godiya.

Da takardar naira ta ɓace,
Layin banki ya sa mutane sun zauce,
Taransifa ce ta sa na dace,
Na tsallake watannin nan lafiya.

Sai dai wata rana wani ya kira,
Ya ce taron ƙungiya za a fara,
In karanto lambobi shida in jira,
Ashe makullina na miƙa ga maƙiya.

Kafin la'asar mutumin nan ya shige WhatsApp ɗina, ya fitar da ni, ya shiga bin abokan cinikina ɗaya bayan ɗaya yana neman rance da sunana, har wata baiwar Allah ta tura masa kafin labari ya kai gare ta. A nan na yarda da rabin maganar Baba Malam, domin da a babbar kasuwa aka yi mini haka, da na san ƙofar Sarkin Kasuwa, na san inda zan tsaya in kai ƙara. Wannan kasuwa kuwa sarkinta yana bayan teku, bai san sunana ba. Duk da haka, wanda ya ga yadda aka wahala a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi ba zai ce in mayar da tire kan yarinya ba.

Sagir, ɗalibi, ɗan Batsari mazaunin Katsina

Ina gaida Baba Malam, ina gaida Hajiya, ina gaida Yaya Nasiru. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga, kuma tamu tana ciki, tare da su Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari. Ina makaranta a cikin birni a lokacin, iyayena kuma suna gida.

Kuna jayayya a kan rumfuna,
Mu kasuwar aka rufe mana,
Makonni babu sallama ko magana,
Tsakanina da mahaifiya.

Sai muka koma aiken takarda,
Direban Batsari shi ne shaida,
In ya ce suna nan, dole in yarda,
In bai zo ba, sai dukan zuciya.

Tun daga nan na daina raina sabis, ko da sanda ɗaya ce. Amma tun da ana maganar abin da ke tashe, bari in ce wani abu game da wadda aka fi zagi a majalisun dattawa, wato TikTok ta kamfanin ByteDance, domin ina ganin ana ɗora mata har da laifin da ba nata ba.

Yau TikTok ce ta kama matasa,
Ta ƙasar Sin ce, ta zo daga nisa,
Ba ta tambayar dangi ko na kusa,
Inda idonka ya tsaya take bibiya.

Ka tsaya kan wa'azi, ta ƙaro maka,
Ka tsaya kan rawa, ta tulo maka,
Abin da ka shuka shi take ba ka,
Ido ya kamata ya fara jin kunya.

Malam Isiyaku

Jikana Sagir, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya tsare iyayenka. Baitocinka na farko sun sa na yi shiru, amma na ƙarshe ban bar shi ya wuce ba.

Jikana, kar ka wanke mai tarko,
Shi ya zuba tsabar tun da farko,
Ya san rauninka, ya ɗaura da ƙarko,
Shafi marar ƙarshe ya hana ka tafiya.

Littafi yana da bango na ƙarshe, jarida tana da shafin baya, shirin rediyo yana da sallama. Wannan abu kuwa da gangan aka cire masa ƙarshe, kuma yaro ɗan shekara 12 ba manomi ba ne da za a ce ya zaɓi irinsa.

Nasiru Mai Kwamfuta

Baba Malam, gyaranka na karɓuwa,
Ni ne hajar da ake sayarwa,
Amma barin kasuwa ba shi yiwuwa,
Mai jin ƙishi ba ya fushi da rijiya.

Ƙanena Sagir, hanyar da kake faɗi,
Tana kwance ƙasan teku mai faɗi,
Ranar da ta tsinke an ji raɗaɗi,
Daga Legas har Katsina an sha wuya.

Wani ya ce Starlink ce mafita,
Daga sama take, wa zai katse ta?
Na duba sunan wanda ya mallake ta,
Ashe mai yankan tsuntsu ne, ku jiya.

Ranar 14 ga Maris na 2024 wasu manyan igiyoyin intanet suka lalace a ƙarƙashin teku daura da gaɓar Kwaddibuwa, sai ga bankuna da wayoyi suna rarrafe a Afirka ta Yamma. Starlink kuwa, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ta Elon Musk ce. Ke nan rumfar ta wani ce, hanyar ma ta wani ce, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a farkon 2025, kuɗin motar zuwa kasuwar ma ya tashi. Abin da na ga namu ne ba tare da jayayya ba shi ne hajar da muke shiga da ita, wato harshenmu. Google ya sanya Hausa a manhajar fassararsa a 2013, Facebook ta samu Hausa a 2016, kuma Ranar Hausa da ake yi kowace 26 ga Agusta a Twitter aka fara ta a 2015, ɗan jarida Abdulbaƙi Jari na nan Katsina yana kan gaba. Yanzu kuma, tun fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, a Nuwamban 2022, ga wata baƙuwar ta shigo.

Ga baƙuwa mai saurin karatu,
Ka tambaye ta, ta zubo rubutu,
Daga alƙalaminmu take koyon batu,
In mun karkace, ita ma ta bar hanya.

Ka rubuta ƙura ba lanƙwasa a kai,
Kura ce ta shigo gari sarai,
Baƙi su koma baki, a duba dai,
Harafi ɗaya ya isa ya juya gaskiya.

Yaya Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ki shiga saitin WhatsApp ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, domin wanda ya saci lambobi shida sai ya sake cin karo da fin ɗin da ke kaɗai kika sani, kuma ki kwafe lambobin abokan cinikinki a littafi.

Hajiya Binta

Ƙanena, littafin tuni na saya, mai bango baƙi, yana ƙarƙashin atamfofi. Fin ɗin ne nake tsoron in manta, saboda haka sai ka biyo ranar Asabar ka nuna wa yarinyar, in ya so ita ta riƙa tuna mini.

Malam Isiyaku

Ɗana Nasiru, a kan maganar lanƙwasa ba mu da saɓani, domin na ƙarar da jan biro mai yawa a kanta a aji. A kan rijiya kuwa ban sauka ba tukuna, sai mun haɗu.

Waƙar nan tamu a ina take zaune?
Ashe ita ma a rumfar wani ne,
In ya rufe, sai abin da ke kunne,
Ka buga a takarda, ka aiko da safiya.

Ka sa manyan haruffa saboda idona, ka tabbata kowace ƙa da ɗa da ɓa ta fito da lanƙwasarta, ka haɗa har da baitocin Hajiya da na Sagir. Ka ba direban motar Daura ta farko, ka ce ya ajiye mini wurin mai shayin bakin tasha, zan tura yaro ya karɓo.