s3fs ya ƙi haɗa min bokitin S3, wai makulli ne ko suna ne?

Sarkin_Hoto_Terminus:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu harkar Linux a taimaka. Ina da ɗan studiyon hoto nan Terminus, hotunan biki sun cika min hadis ɗin kwamfuta, sai wani ƙanina ya ce in buɗe bokiti, wato wurin ajiyar fayil, a S3 na Amazon a intanet, in haɗa shi da tsohuwar laftof ɗina mai Ubuntu ya zama kamar folda kawai. Na sa s3fs, manhajar da ke yin wannan haɗin, na zuba makullan shiga asusun a fayil ɗin .passwd-s3fs, da farko ya ce fayil ɗin bai kamata kowa ya iya karanta shi ba, na yi chmod 600 wannan ya wuce. To yanzu kuma in na ba da umarnin sai ya yi shiru kamar ya yi, in na shiga foldar sai ya ce Transport endpoint is not connected, wallahi tun bayan la'asar nake kai har an yi isha'i, data ta kusa ƙarewa. Sunan bokitin hotunan.biki.2024 ne. Ga hoton allon na saka.

MalamRikkos:
Wa alaikumus salam. Kafin komai ɗan'uwa, goge hoton nan, makullinka na sirri na fitowa ɓaro-ɓaro a layi na biyu. Kuma gogewa kaɗai ba ta isa ba, shiga IAM, sashen kula da makullai a asusunka na Amazon, ka kashe shi ka ƙirƙiro sabo yanzu yanzu, akwai masu kwana suna farautar irin wannan, sai dai ka wayi gari da bil ɗin dala.

Sai maganarka. s3fs in ya mutu ba ya sallama, shi ya sa kake ganin shiru. Fara da fusermount -u a kan foldar don cire mataccen haɗin, sannan ka sake tayar da shi da -f -o dbglevel=info -o curldbg, zai tsaya a gabanka yana faɗin abin da ke damunsa. Amma ni tun daga sunan na fara zargi. Ɗigo biyu ka sa. s3fs yana manna sunan bokitin ne a gaban adireshin, ya zama hotunan.biki.2024.s3.amazonaws.com, shi kuma satifiket ɗin tsaro gaɓa ɗaya tak yake karɓa a wannan gurbin, kai ka ba shi uku, dole ya ƙi. Ƙara -o use_path_request_style, sunan zai koma bayan adireshin. In kuma ba ka zuba kaya da yawa ba ka buɗe sabo da hotunan-biki-2024 ka huta, don ba a canza wa bokiti suna, sai dai a kwashe a zuba a wani.

Ummi_Data:
Gaskiyar Malam ce. Ni abin da zan ƙara, ka ƙirga haruffan makullin, na farko 20 ne yana farawa da AKIA, na sirrin 40, tsakaninsu alamar : kawai ba sarari. In ta WhatsApp ƙanin naka ya turo maka sau da yawa harafin ƙarshe ake bari wajen kwafa. In kuma ka ga ASIA a farko to na wucin gadi ne, sai da token, wato ƙarin lambar izini, yake aiki.

A wane yanki ka buɗe bokitin? s3fs us-east-1 yake ɗauka in ba ka faɗa masa ba. In na Cape Town ne, wato af-south-1, sai ka sa -o endpoint=af-south-1 da -o url=https://s3.af-south-1.amazonaws.com. Sabon sunan kuma kar ka ce za ka yi kishin Hausa ka sa ƙ ko ɗ, ƙananan haruffan boko na Turanci da lambobi da karan tsakiya kawai, daga 3 zuwa 63. A sunan hotunan da ke ciki kam sa abinka.

Sarkin_Hoto_Terminus:
Innalillahi, ban ma lura ba, na goge na canza makulli, Allah ya saka Malam. Na sa abin da ka ce maganar satifiket ta tafi, yankin ma Ireland ne ashe na gyara, amma yanzu sabon abu ya fito, RequestTimeTooSkewed. Wannan kuma wane dangin ne?

MalamRikkos:
Hahaha to an zo wajen. Rubuta date ka ga abin da laftof ɗinka ke cewa. In agogonka ya sha bamban da nasu fiye da minti 15 ba za su karɓi sa hannunka ba ko makullin daidai ne. Tsohuwar laftof da babban batirinta ya mutu, ƙaramin na agogo shi ma ya mutu, ana ɗauke wuta sai ta koma baya. Yi timedatectl set-ntp true, gobe ka kai ta wajen masu gyara su canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo. Kuma in za ka sa a fstab, fayil ɗin da ke sa ya haɗu da kansa in an kunna laftof, ka rubuta passwd_file da cikakken adireshi da _netdev, don a lokacin tashi root ne, wato babban asusun kwamfutar, ke haɗawa, ba zai leƙa gidanka neman makulli ba.

Sarkin_Hoto_Terminus:
Kai jama'a, kusan awa biyar agogon ke baya, daidai tsawon lokacin da muka yi ba wuta jiya. Ya haɗu yanzu alhamdulillah, ga hotuna na gani. Sai dai buɗe foldar bikin da ke da hoto kusan dubu biyu yana ɗaukar lokaci sosai, Hajiya Ummi haka yake ko netwok ɗina ne?