Yaya za mu tara kuɗin tafiya aikin bishara da ƙananan yara?

'Yan'uwa, ina neman shawararku. An gayyace mu ni da maigidana zuwa aikin bishara a ƙasar waje, kuma da yaranmu za mu tafi, domin sun yi ƙanƙanta a bar su a hannun wani. Maganar kuɗi ce ta tsayar da mu.

Ikilisiyarmu ta yi baiko na musamman, dangi ma sun ba da abin da ya sauwaƙa, amma duka bai wuce kuɗin jirginmu mu biyu ba. Kowane yaro sai da nasa fasfo, ga biza, ga allurar rigakafi da inshorar lafiya. Autarmu ta cika shekara 2, ta wuce zama a cinya, dole a saya mata kujera.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da wasu ke yi: don me za su biya wa yara tafiya, alhali ba su ne za su yi wa'azi ba? Ban ga laifinsu ba, amma na rasa amsar da zan ba su.

Ku da kuka taɓa tafiya da yara, ware kuɗinsu kuka yi kuka biya daga aljihunku, ko haɗa komai kuka yi wajen neman gudummawa?