Tambaya: yaya ake sauraron kiɗan drum and bass har a ji daɗinsa?

Ibrahim, Bagalam

Assalamu alaikum. Wani abokina da ke karatu a Yamai ya zo hutu, ya tura mini kundin drum and bass na wani makaɗi Goldie mai suna Timeless, bayan ya yi ta yabonsa har na ƙosa in ji. Na kunna shi a waya ina zaune ƙofar shago bayan la'asar, sai na ji wani sauti mai ja kamar iskar hunturu, daga nan ƙwanƙwasa mai sauri ta biyo baya kamar ruwan sama bisa kwano, muryar wata mace kuma tana shigowa jefi-jefi. Yayana da ke kusa ya tambaye ni ko wayar ce ta lalace. Kiɗan farko kaɗai ya haura minti 20, ban kai rabinsa ba na kashe. Ina roƙon waɗanda suka san wannan fanni su faɗa mini abin da ake nema a cikinsa, domin abokin nan nawa ba mai yabon banza ba ne.

Malam Laminu, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Malam Ibrahim. Sana'ata gyaran rediyo da amsa-kuwwa, saboda haka ta nan zan fara: rabin kiɗan kawai ka ji. Sunan drum and bass ma ya faɗi cewa abu biyu ne, ganguna da bas, wato amo mai kauri, kuma bas ɗin da ake sa masa yana sauka ƙasa ƙwarai, wajen hertz 40 zuwa 60 a ma'aunin amo, inda ɗan lasifikan waya ba ya iya fitar da komai. Irin wannan amo a ƙirji ake jin sa kafin kunne ya tantance shi. Ka samo abin sa wa kunne mai rufe shi duka, ko babban lasifika irin wanda ake haya ranar biki.

Idan ka samu, kada ka ce za ka bi gangunan, domin suna gudu wajen bugu 170 a minti ɗaya kuma za su bar ka a hanya. Ka kama bas ɗin, wanda yake takawa a rabin wannan sauri, ka riƙa gyaɗa kai da shi, sai ka ga gangunan sun koma ado a bisansa.

Hadiza, Ali Ɗan Sofo

Malam Laminu ya yi gaskiya, ni kuma zan ƙara da asalin abin, domin sanin yadda aka ƙera shi ne ya sa na fara jin daɗinsa. A farkon shekarun 1990 aka haifi wannan kiɗa a Ingila, musamman Landan da Biristol, a hannun matasa waɗanda da yawansu ƴaƴa da jikokin mutanen Jamaika ne, kuma daga can suka gaji son bas mai nauyi da manyan lasifikoki. Da farko jungle ake kiransa. Gangunan da ka ji, yawancinsu ba sabon bugu ba ne, an ɗebo su ne daga tsofaffin fayafayai da na'urar yankan sauti. Wanda ya fi shahara shi ne ɗan bugun da bai wuce daƙiƙa bakwai ba, wanda Gregory Coleman ya yi a faifan ƙungiyar The Winstons ta Amurka a 1969. Ana ɗaukar wannan guntu a ƙara masa sauri, a yayyanka shi, a sake jera shi yadda babu hannun ɗan Adam da zai iya bugawa, kuma gwanintar mai haɗa kiɗa a nan take: ka zaci bugu zai faɗo a wani wuri, sai ya jinkirta shi ko ya ninka shi.

Ni da kalangu da kurkutu nake kwatanta shi, inda ƙaramin ke ta ɓarin bugu babba kuma yana tafiya da ƙasaita. Timeless ya fito a 1995, kuma a ganina ya yi wa mai farawa nauyi. Da ni ce, Malam Ibrahim, da New Forms na Roni Size da Reprazent zan fara, kundin da ya ci kyautar kiɗa ta Mercury a Biritaniya a 1997, saboda akwai waƙa a ciki da bas na tsirkiya da mutum ya kaɗa da hannunsa, kunne yana samun abin kamawa.

Alhaji Sanusi, Zariya

Ƴata Hadiza, kwatancenki ya yi kyau amma ban yarda da shi duka ba. Kalangu magana yake yi, makaɗi ya matse tsirkiya ya sassauta ya kira sunan mutum da kirarinsa, kowa a wurin ya gane. Wannan kiɗa na Ingila ba ya cewa komai, kuma wanda ya shige shi yana jiran take zai gaji da jira. Abin da ya fi kusa da shi a wurina shi ne saƙa, inda ido ke bin yadda zare ɗaya ke maimaituwa yana canzawa kaɗan-kaɗan.

Sannan ba sai an je Landan ba kafin kunne ya saba da kiɗan na'ura. Mu da muka girma da rediyo da talabijin na ƙasar Nijar mun sha jin kiɗan Mamman Sani tsakanin shirye-shirye ba tare da mun san sunansa ba. Shi ne ya ɗauki tsofaffin waƙoƙin Nijar ya kaɗa su da ogan mai aiki da lantarki, ya naɗe su a kaset a 1978, kamfanin Sahel Sounds kuma ya sake fitar da su a 2013. Kiɗansa a hankali yake tafiya, ba ruwansa da gudun drum and bass, amma yana koya wa mutum haƙurin zama da sautin da ba a rera komai a kansa. Bayansa sai ka nemi kundin Houmeissa na Hama, ɗan Yamai, wanda ya fito a 2019.

Akwai kuma wani abu da nake so ka duba. Idan aka tura kundi daga waya zuwa waya, ko mai tura waƙa na kasuwa ya zuba shi a memori, sau da yawa jerin yakan hargitse, wani lokaci ma a matse sautin har bas ya mutu. Masu irin waɗannan kundaye da gangan suke jera kiɗan, mai zafi ya bi mai sanyi.

Ibrahim, Bagalam

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, na duba, lalle jerin nawa a hargitse yake, sai dai na farkon yana wurinsa. Jiya da dare na je shagon Malam Laminu ya haɗa mini wayar da wani lasifika da aka kawo gyara, kuma da bas ɗin ya shigo sai ƙusoshin da ke cikin gwangwani a kan teburinsa suka kama rawa. Na zauna har ƙarshen kiɗan farko. Ban ce na gane shi ba tukuna, amma sau biyu na ji wurin da Malama Hadiza ta ce ana jinkirta bugu. Ko akwai mai kiɗan Mamman Sani a wayarsa ya tura mini?