Wutar VBUS (layin wuta na USB) ba ta tashi idan kafar USB ta koma matsayin host (mai sarrafa abin da aka jona masa) a Linux

Ina neman taimako kan wani allon na'ura mai ɗauke da Linux 6.1, wanda yake da kafar micro-USB guda ɗaya tak, kuma direban dwc3 ne yake sarrafa ta. Na kunna CONFIG_USB_DWC3_DUAL_ROLE (zaɓin da ke ba kafar damar zama host ko na'urar da ake jonawa) a cikin kernel, wato zuciyar Linux, na sanya dr_mode = "otg" a device tree (fayil ɗin da ke bayyana wa kernel sassan allon), sannan na haɗa layin ID (wanda ke nuna ko allon zai zama host ko a'a) da direban extcon-usb-gpio.

Idan na jona allon da kwamfuta, komai yana tafiya daidai, domin kwamfutar tana gane shi ta tsarin da na gina da configfs (hanyar saita yadda allon zai bayyana a matsayin na'urar USB). Matsalar tana bayyana ne idan na saka kebul ɗin OTG (wanda ke mayar da allon host) da filas. Saƙonnin kernel na dmesg suna nuna cewa xHCI (sashen da ke tafiyar da aikin host) ya tashi, wato sauyin matsayi ya auku, amma filas ɗin ba ya kamawa ko kaɗan, kuma da na auna layin VBUS da mita sai na tarar babu wuta, alhali ya kamata a ga 5V.

Na gwada sanya vbus-supply (saitin da ke nuna inda wutar VBUS take fitowa) a ƙarƙashin dwc3, babu abin da ya canza. Da na sanya regulator-always-on (saitin da ke barin wutar a kunne kullum) kuwa filas ya yi aiki nan take, sai dai wannan ba mafita ba ce, tun da allon zai riƙa tura wuta cikin kwamfutar da aka jona shi da ita, kuma hakan na iya ƙona kaya.

Wane direba ne ya kamata ya riƙa kunna VBUS da kashe ta daidai da halin da layin ID yake ciki? Na gode.