Kukan "bush bebi" a makarantar kwana: wa ya taɓa ganinsa da ido?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. 'Yata ta dawo hutu da labarin bush bebi, wanda siniyoyi suka riƙa tsorata mu da shi a zamaninmu: wai aljani ne mai kukan jariri, yana yawo da tabarma, in ka fita dubawa ba ka dawowa. Mu dai ko fitsari ya matse mu sai gari ya waye. Don Allah akwai wanda ya gan shi? Sunan kuma daga ina?

Baba Maharbi: Wa alaikumus salam. Hajiya, dabba ce, na sha haska ta da tocila a dajin Bauchi. Girmanta bai wuce na kurege ba, ga dogon wutsiya, ga kunnuwa fato-fato. Idanun za ki fara gani, jajir a kan farar ƙaya, kafin ki ƙifta ya yi tsalle ya koma wata bishiyar. Ƙwari yake ci, ya lashi ƙaro. Da rana kuwa barci yake a kogon itace.

Malam Na-Zariya: Baba ya faɗi daidai. Dangin birai ne na nesa. Turawa sun ce masa jaririn daji saboda kukansa, amma masu tsala ihu kamar jinjiri manyan ne na gabashi da kudancin Afirka. Namu ƙarami ne, kukansa bai kai nasu ba, don haka ina zargin rabin abin da kuka ji a hostel kyanwoyi ne. A littafi galago ake kiransa. Wani Bafaranshe, Geoffroy Saint-Hilaire, ya rubuta sunan a 1796 a kan wanda aka samo daga Senegal, ana kuma danganta kalmar da golo, wato biri a harshen Wolof. Na taɓa riƙe ɗaya a lokacin karatu, hannuna ya kwana yana zarni, domin fitsari yake shafa wa tafukansa ya bar alama a reshe.

Maman Hanif: Kyanwa kuma, Malam? Ban yarda ba!

Ɗan Tireda: Anti, ki yarda kawai. Da na je Zanzibar saro kaya, komba suke ce masa. Can da shaye-shaye aka san shi: yakan hau kwakwa ya shanye bammin da aka tara, har mashayi ma da shi suke kwatanta shi. Daren farko da na ji kukan babban a bayan masauki, sai da na tashi mai gadi na ce an yar da yaro.