Akwai hoton da ke nuna ƙwayoyin insulin da suka rage wa ɗana?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana ɗan shekara 11 ne, wata biyar ke nan da aka gano yana da ciwon sukari nau'i na ɗaya. A 'yan makonnin nan likita ya rage masa allurar insulin kusan da rabi, domin sukarinsa na yawan faɗuwa. Wani maƙwabcina ya ce alamar warkewa ce, in kai shi Indiya ko Masar a yi masa hoton da zai ƙirga ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikinsa, in suna da yawa a daina allurar. Har na fara cinikin filina. Akwai irin wannan hoton kuwa?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kada a daina allurar nan ko da kwana ɗaya. Abin da kake gani sananne ne: bayan an fara allura, ragowar ƙwayoyin kan samu sarari su ɗan farfaɗo na wasu watanni, daga baya buƙata ta sake hawa. Yaron da aka yanke wa insulin yana iya faɗawa cikin suma a kwanaki kaɗan.

Ɗalibin bincike a Turai: Baban yaro, ka dakata da cinikin nan. Ƙwayoyin da kake magana, ƙwayoyin beta, suna cikin pankiriyas ne, wata gaɓa da ke cikin ciki (mutane kan ce saifa, amma saifa daban take), a dunƙule cikin 'yan tsibiran da Paul Langerhans ya gano a Berlin a 1869. Tsibiran sun kai miliyan ɗaya ko fiye, amma duka-duka kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne na gaɓar, kowanne bai fi ƙwayar rairayi ba, a warwatse kamar an watsa gishiri cikin tuwo. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta PET kuwa ba ta bambance abin da bai kai milimita huɗu ko biyar ba. Hotunan CT da MRI za su nuna maka pankiriyas ɗin, ba za su ƙirga maka komai a cikinsa ba.

Dabarar da masu bincike suka ɓullo da ita ita ce a sa wa ƙwayoyin alama. Akwai sinadarin exendin-4, wanda John Eng ya gano a dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka, yana manne wa ƙwayoyin beta. A jami'ar Radboud da ke Nijmegen a Holan sukan haɗa shi da ɗan abu mai fitar da haske irin na nukiliya, su yi wa mutum allura, su auna yawan da pankiriyas ya riƙe. Sun ga masu nau'i na ɗaya suna riƙe ƙasa da masu lafiya, sai dai bambanci tsakanin mutum da mutum yana da faɗi, ƙoda kuma tana zuƙe sinadarin da yawa har haskenta ya rufe wutsiyar pankiriyas. Shi ya sa har yanzu bincike ne. A cibiyar bincike ta Karolinska da ke Suwidin ma dasa tsibiran suke yi a gaban idon ɓera su leƙa ta madubin ƙara girma, tun wajen 2008. Ka ga da hoton na da sauƙi, da ba a sha wannan wahalar ba.

Wani dattijo: Ni dai fili ba ya dawowa in ya tafi. Allah Ya ba yaro lafiya.

Likita: Abin da ake yi a asibiti gwajin jini ne, C-peptide. Duk sa'ad da jiki ya samar da insulin yana sakin sinadarin C-peptide tare da shi, insulin na kwalba kuwa ba ya ɗauke da shi, don haka yana nuna aikin da ƙwayoyin suke yi. Ka tambayi likitansa ko akwai buƙata. Ko da sakamakon ya yi kyau, ba a daina allura, gyara adadinta kawai ake yi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na kira dillalin na ce a fasa. Ranar Talata muke da ganin likita, zan tambaye shi gwajin.