Shekara 9 bayan haihuwa aka gano ciwon Yayata, wai magani har ƙarshen rayuwa?

Maman Hanan (Makka):
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya ko wanda ya taɓa gani ku taimaka min, kaina ya kulle. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, muna nan Makka wajen Shara Mansur. Shekara 9 kenan da ta haifi autarta, a gida ta haihu mabiyiya ta ƙi fita jini ya ɓalle, kafin a kai ta mustashfa, wato asibiti, har ta suma, sai da aka ƙara mata jini leda 5. To tun daga nan wlh Yaya bata ƙara komawa daidai ba. Ruwan nono ko ɗigo bai zo ba da madarar gwangwani aka raini yarinyar, al'ada ta ɗauke ɗif tana da shekara 27, gashin hammata ya zube, ga sanyi, a zafin Makkan nan fa zaka shiga ɗakinta ka tarar ta kashe mukayyif (AC) ta ƙudundune cikin bargo. Matar da take ɗawafi da ƙafarta ta goya yaro, ta koma sai an tura ta a keke. Ba irin ruƙiyyar da ba a yi ba, wasu su ce iska wasu su ce sammu, wasu ma cewa suke son jiki ne kawai, wannan ita ta fi yi mata ciwo.

Watan jiya zazzaɓi da amai suka kama ta kwana biyu ta faɗi a banɗaki, a mustashfa aka ce awon jininta na BP ya yi ƙasa sosai, sikari da gishirin jiki ma sun sauka. Bayan tahlil, wato gwajin jini, da hoton kai duktur yace wai gudda nuhamiyya, wata ƴar tsoka a cikin kai mai fitar da sinadarai, ce ta mutu tun waccan haihuwar. An ɗora ta kan magunguna biyu, haidirokotison da tairoksin, aka ce har abada zata sha, kuma Alhamdulillah cikin sati biyu har girki ta shiga ta yi. Matsalar Hajiyarmu ce, tace haidirokotison ɗin ai kotizon ne, shine yake kumbura mutane, tunda ta samu sauƙi a ajiye shi haka. Shin da gaske har abada ne? Zata iya sake haihuwa? Azumi fa?

Abu Yasir (Jidda):
Wa alaikumus salam Maman Hanan, Allah ya bata lafiya. Ni a saidaliyya, wato shagon magani, nake aiki, ba likitanta bane ni, amma abu ɗaya zan roƙe ki da girman Allah tun kafin komai: kar a ajiye haidirokotison ɗin nan ko na kwana ɗaya. Faɗuwar da ta yi a banɗaki rashinsa ne a jikinta, kuma irinta tana kashe mutum.

Ciwon sunansa Shihan, sunan wani likita ne ɗan Ingila da ya bayyana shi a 1937. Guddar nan ƴar mitsitsiya ce kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, amma ita ke ba sauran umarni. Lokacin ciki tana ƙara girma tana buƙatar jini da yawa, to in mace ta zubar da jini sosai wajen haihuwa sai jinin ya kasa isa gare ta, wani ɓangare ya mutu ko duka. Duk abin da kika lissafo daga nan yake: ba sinadarin kawo nono, ba mai tada ƙwan mace shi yasa al'ada ta tsaya, ba mai tada guddar maƙogwaro shi yasa take jin sanyi da kasala, sannan ba mai ba gudda kazariyya umarni, wato wasu ƴan tsoka biyu da ke zaune saman ƙoda masu yin kotisol. Kotisol shi ke riƙe jini da sikari lokacin da jiki ya shiga wahala. Wurin da ya mutu yawanci baya dawowa, shi yasa aka ce har abada. Kuma shekara 9 ɗin nan ba ku kaɗai ba ne, binciken da aka yi a ƙasashe irin Turkiyya ya nuna mata da yawa sai sun haura shekara goma ana yawo da su kafin a gano.

Ki faɗa wa Hajiya abin da ake bata cikon gurbin kotisol ɗin nan ne kawai, babba yawanci miligiram 15 zuwa 25 a rana a raba biyu ko uku, mafi yawa da safe, kusan abin da jikin mai lafiya yake yi da kansa. Wannan baya kumbura mutum in an bi ƙa'ida. Ranar zazzaɓi ana ninka shi, ku sa duktur ya rubuta muku yadda za a yi. In amai ya hana ƙwayar zama to allura ce miligiram 100 sannan a ruga gaggawa, ba jira sai gari ya waye.

Sai a riƙa komawa ganin likita ko tana jin garau, dan tun 1990 wani bincike a Suwidin kan mutum 333 masu raunin guddar nan ya nuna ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ya fi saurin ɗaukarsu fiye da sauran mutane. A duba kitsen jini, a duba ƙashi ma, mace mai ƙananan shekaru da al'ada ta ɗauke ƙashinta yana rauni, ku tambayi duktur maganar sinadarin mata.

Ummu Faisal (Madina):
Ƴar uwa ina karantawa hawaye na zubo min dan kamar labarina kike bayarwa. Ni shekara 6 na yi ana ce min ƙarancin jini ne da taifod, na sha maganin ƙarin jini har na gaji. Yanzu shekarata 4 kan magani. Da asuba in na tashi tairoksin nake fara sha da ruwa zalla cikina ba komai, sai bayan rabin awa nake karyawa, kotizon ɗin kuma yana cikin ƴar jakata tare da kati da aka rubuta ciwona da Larabci, ko Harami zan shiga yana jikina. Mijina da babbar ƴata duk an koya musu yin allurar. Sau ɗaya muka yi amfani da ita, gudawa ce ta kama ni cikin dare har na daina gane masu magana, ba dan ita ba Allah kaɗai ya sani.

Wani abu da ya wahalar dani, na taɓa zuwa wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, suka auna TSH kaɗai, sinadarin da gudda nuhamiyya ke aikawa ya tada guddar maƙogwaro, suka ce ai ya yi ƙasa in rage tairoksin, na rage na koma kwance. Da na koma wajen likitan gudda yace mu masu irin wannan ciwon TSH baya nuna gaskiya tunda mai yin sa ce ta mutu, T4 ake dubawa, wato sinadarin guddar maƙogwaro wanda tairoksin ke cike gurbinsa. Ku riƙe wannan.

Haihuwa likitana yace tana yiwuwa amma sai da allurai masu tada ƙwai da kulawa sosai, ni dai ban gwada ba. Azumi kuwa shekarar farko hana ni ya yi, na yi kuka ba kaɗan ba ganin kowa na buɗa baki a Harami, malami yace min Allah ya yi wa mara lafiya rangwame. Daga baya ya canza min tsarin shan maganin na gwada, ranar da na ji jiri na karya. Kar ta yanke wa kanta, ta je wajen duktur tun Sha'aban.

Ɗan Gadarif:
Gaskiya tsoron Hajiya yana da tushe, kar ku ga laifinta. Mu nan Sudan ƴan mata na shan ƙwayar ƙiba da ake kira abu najma kafin biki, deksametason ce, ta ninka haidirokotison ƙarfi wajen sau 25. Ƴar maƙocinmu ta sha wata da watanni fuska ta zama kamar faranti, ciki ya fito ƙafafu sun sirance, jiki duk ya tsattsage da jan zane, ga sikari ya kama ta. Da suka tsorata suka ƙwace ƙwayar rana ɗaya sai ta zube, dan nata guddojin na saman ƙoda sun yi barci sun daina aiki, sai da likita ya riƙa rage mata kaɗan kaɗan kusan shekara. Har man bilicin mai kotizon yana iya yin haka. Ita waccan tana da nata kotisol ɗin ta ƙara lodi a kai, Yayarku kuwa babu ne aka bata. Sannan ku riƙa ajiye na wata biyu ko uku a gida, mu da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mun ga yadda masu shan magani kullum suka sha wuya.

Maman Hanan (Makka):
Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Hajiya duka a gaban Yaya, ta yi shiru can tace to a bar mata abinta. Allurar ce bamu da ita, ba wanda ya ce mana komai akanta, ranar Lahadi muna da mau'idin ganin duktur zan tambaya. Ummu Faisal dan Allah katin nan naki a mustashfa aka baki ko ke kika rubuta?